Barcin Mijin Ƙanwata

Shekarun baya, a zamanin da kuɗin mai ya fara shigowa ƙasar nan, ma'aikata suka sami ƙarin albashi kowa yana sayen rediyo da agogon hannu, ina koyarwa a wata firamare a Roni. Maigidana shi ma malamin makaranta ne. Abin da muka mallaka bai wuce baƙin keke ɗaya ba, wanda yake gogewa duk Juma'a da tsumma da ɗan mai, sai akwatin littattafansa da 'yan awakina. Ba mu rasa ci ba, ba mu rasa sutura ba. Da an tambaye ni a lokacin, zan ce ina cikin rufin asiri. Haka nake ji har ranar da aka ɗaura wa ƙanwata aure.

Mu biyu ne mata a wurin mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna. Ni aka bari na yi karatu har na zama malama. Ƙanwata kuwa tana aji uku ta ce ita boko ciwon kai yake sa ta, ta koma taya Inna ƙuli-ƙuli. Don haka na taso da tabbacin cewa a gidanmu ni ce wadda ta yi gaba. Sai ga wani direba daga Kazaure ya zo neman aurenta. Mutum ne ƙato, mai kauri, mai fara'a, kuma bas ɗin da yake tuƙawa tasa ce ta kansa, fara sol, da jan labule a tagogi. Yana jigila tsakanin Kazaure da Kano, ranakun kasuwa kuma ya yi Babura ko Gwiwa, wani lokaci har bakin iyaka.

Yaran yanzu ba za su gane ba, amma a wancan zamani direba mai motar kansa ba ƙaramin mutum ba ne. In zai kawo ƙanwata ganin gida, tun daga bakin gari yake danna hon. Yara su bi motar da gudu, mata su leƙo ta saman katanga. Sai ta tsaya a ƙofar gidanmu, ƙanwata ta sauko daga gidan gaba a hankali, da takalmi mai tsini da jakar hannu, yarinyar da jiya-jiya nake tsefe wa kai ina cire mata kwarkwata. Ta kawo wa Inna burodin Kano da sabulu mai ƙamshi da turmin atamfa da aka sayo da sefa, kuɗin Nijar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ta taɓa mantawa da ni. Sai ta miƙo mini ɗankwali ta ce, "Yaya, ga wannan, na ga naki ya koɗe." In karɓa in yi godiya, in koma gida in cusa shi ƙasan akwati in kwana ina juyi.

Inna kuma ba ta taimaka ba. Maigidana ne ke gyara mata danga duk shekara da hannunsa, shi ke kai ta asibiti a bayan keke. Ladansa a wurinta, "Sannu Malam." Amma da an ambaci direba, sai ta ɗaga hannu sama: "Allah ya yi wa yaron nan albarka, Allah ya kare shi a hanya." Wata rana na kasa daurewa na ce wa maigidana, "Malam, wai kai ko ɗan mashin ba ka sha'awa ne?" Ya ɗago daga littattafan yara da yake dubawa ya ce, "Malama, keken nan ya taɓa kai ki wani wuri ya ƙi dawo da ke?" Ya ci gaba da aikinsa. Na rasa wanda zan ji haushi, shi ko keken.

To, wanda yake jin haushin mutum ya fi kowa sa masa ido. Shi ya sa ni ce na fara lura da barcin mijin ƙanwata.

A al'adarmu yayar matar mutum kamar suruka take. Ba ma haɗa ido, gaisuwarmu daga nesa ce, yana ce mini Yaya duk da ya girme ni. Wata rana ya shigo gaida Inna, ya tsuguna a ƙofar ɗakinta ya tambaye ta ciwon gwiwa. Inna ta fara ba shi labarin gwiwar tun daga farko. Ba ta kai rabi ba muka ji munshari. Yana tsugune, hularsa ta karkace, bakinsa a buɗe, da hantsi tsaka. Ni na ƙunshe dariya. Inna ta harare ni ta ce, "Ku yi shiru. Gajiyar neman halal ce." Har da ɗauko mafici tana yi masa fifita.

Bayan nan maigidana ya ba ni labarin sun zauna cin tuwo tare a zaure, ya ga mutumin ya yanko loma, ya tsoma a miya, hannun ya tsaya a cikin kwano. Ya duba, ashe ya tafi. Ƙanwata da kanta ta ƙarasa mini sauran wata rana ina yi mata kitso. Ta ce munsharinsa har maƙwabta sun saba da shi. Wani lokaci kuma sai ya ɗauke ɗif, ƙirjinsa ya daina motsi kamar rai ya fita, har ta tsorata, sannan ya zabura yana shaƙewa yana neman iska, ya koma ya ci gaba. Haka har gari ya waye. Ya tashi da ciwon kai, ya cika aljihu da goro, duk tashar da ya tsaya sai ya sha shayi. Tana faɗa tana dariya, don ita komai na mijinta abin alfahari ne, har munsharin.

Ni ban yi dariya ba. Na sami Inna ita kaɗai na ce, "Inna, mutumin da barci ke ɗauka yana tsugune, me zai hana ya ɗauke shi a kan sitiyari?"

Ta ajiye tsinken da take sakace da shi, ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Kin fara ko? Tun da aka yi auren yarinyar nan nake lura da ke. Allah ya ba ki naki, ya ba ta nata. Kada in ƙara jin wannan mugun fatan a bakinki."

Maganar ba ta tsaya nan ba, ta kai kunnen ƙanwata. Ta zo har gidana, ko zama ba ta yi ba. Ta ce, "Yaya, an ce kin ce mijina zai kashe mutane. Ai dole wanda ke tuƙa mota zuwa Kano ya dawo ya gaji. Wanda ke tuka keke zuwa bayan kasuwa shi ne ba ya gajiya." Ta gyara gyalenta ta fita. Na tsaya da muciya a hannu. Abin da ya ƙara dagula mini lissafi, ni kaina in na zauna ba na iya raba biyun: tsoro ne ya sa na yi maganar, ko daɗin na samo wa gwanin nasu aibi? Ina jin duka biyun suna nan, sun cakuɗe.

Maigidana ya ce mini, "Maganarki gaskiya ce, amma daga bakinki ba za ta shiga ba." Ya gwada da kansa, ya sami direban cikin raha ya yi masa zancen. Shi kuwa ya yi dariya har tumbinsa na rawa ya ce, "Haba Malam, ai zama ne ke sa ni barci. Da na ji ƙarar inji idona ya bushe." Daga nan muka bar zancen, ni da ƙanwata kuma gaisuwa ta koma ta fatar baki.

Da bazara ta yi tsanani aka sa bikin 'yar kawunmu a Kanya Babba. Direba ya ce shi zai kai matan gidanmu kyauta ya dawo da su, aka yi ta sa masa albarka. A lokacin ina da tsohon ciki. Da muka taru za mu shiga mota, Inna ta ce, "Wannan ba za ta iya jijjigar baya ba, a ba ta gaba." Ƙanwata ta ɗaure fuska, ta matsa tsakiya kusa da mijinta, ni na zauna a bakin ƙofa.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Kujera mai laushi, furen roba a gaban gilashi, ƙamshin turare. Na ɗora gwiwar hannu a taga, ina addu'a Allah ya sa mu bi ta gaban makarantarmu. Muka ci karo da matar hedimasta a bakin rijiya, na ɗaga mata hannu a hankali kamar matar gwamna. Zuwa ya yi kyau, safiya ce, direba yana ta ba'a da gwaggonninmu, ana guɗa ana waƙa. Har na fara ce wa kaina wataƙila Inna ce ke da gaskiya.

An ci an sha a gidan biki. An kai wa direba shinkafa da nama, dangin ango kuma masu shanu ne, suka aiko masa da ƙwaryar fura da nono mai kauri. Bayan azahar Inna ta ce mu kama hanya don kada duhu ya same mu. Aka aika neman sa, aka same shi a gindin bishiya yana munshari, sai da aka girgiza shi sosai. Ya wanke ido, ya jefa goro a baki, muka tashi.

Rana ta take, iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin murhu. Matan baya suka fara waƙa, waƙar ta yi ta raguwa har ta mutu. Na waiga na ga kowa ya langaɓe. Ƙanwata ma barci ya kwashe ta, kanta ya gangaro ya sauka a kafaɗata, karo na farko da jikinta ya taɓa nawa cikin watanni. Ni kaɗai ce idona biyu, kuma ba don tsoron hanya ba. 'Yan kunnenta na zinare nake kallo, ga su dab da idona suna ƙyalli, ina tunanin ko Malam zai taɓa iya saya mini irinsu kafin mu tsufa.

Ina cikin wannan sai na ji tayoyi sun hau tsakuwar gefen hanya, motar ta yi wani gurnani, sannan ta dawo da sauri. Na zunguri ƙanwata na ce, "Ki ce masa ya tsaya ya wanke fuska." Ta yi wata 'yar magana cikin barci ta gyara kwanciya. Shi ya ji ni. Bai juyo ba ya ce, "Yaya, kada ki damu, rami na kauce wa." Ya ƙara ɓantarar goro. Daga kujerar baya na jiyo muryar Inna, wadda girgizar ta farkar: "Ki bar bawan Allah ya yi aikinsa mana." Amma daga lokacin na ajiye kunya gefe, na zuba wa fuskarsa ido, ni da ban taɓa kallonsa sosai ba.

Muka hau wata miƙaƙƙiyar hanya, duwatsun Kazaure sun fara bayyana daga nesa. Can gaba akwai kwalbati a kan wani busasshen rafi, kuma dab da shi garken shanu na tsallaka titi, makiyayi a gefe da sandarsa, wata mata da ƙwaryar nono a ka tana bin su. Tun daga nesa na hango su. Na jira in ji ya rage gudu, sai na ji ƙarar injin tana ƙaruwa. Na dube shi. Idanunsa ba a rufe suke ruf ba, wannan shi ne abin da har yau nake gani. A ɗan buɗe suke, amma fari kawai ake gani, babu kowa a cikinsu. Leɓensa ya saki, haɓarsa ta sauka a ƙirji, hannayensa na kan sitiyari kamar an ajiye su. Motar ta bar hannunta tana tafiya tsakiyar hanya.

Na ce wa direban, "Malam!" Bai motsa ba. Na ƙwalla ƙara, "Malam, shanu!" Shiru. Ban san lokacin da na miƙa hannu ta kan ƙanwata na zabga masa mari da iya ƙarfina ba.

Ya zabura, ya ga shanu sun cika gilashi, ya murɗa sitiyari ya taka burki lokaci guda. Motar ta bar titi, ta gangara cikin wata gona tana tsalle a kan kunyoyi, ta daki wani ƙaton suri, ta ɗaga, sannan ta kwanta ta gefen direba. Na faɗa kan ƙanwata, ita kuma fuskarta ta daki gilashi. Sai ƙura da salati da kukan mata.

Makiyayin da wasu mutane da suka rugo daga wata ruga su suka fito da mu ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya mutu, kuma har yau in na tuna sai na yi hamdala. Inna ta karye a hannu. Wata gwaggonmu ta rasa haƙoran gaba. Ƙanwata ta tsage daga gira har kusa da kunne, jini ya rufe mata fuska. Direba sitiyari ya buge shi a ƙirji, yana zaune a ƙasa ya riƙe kai. Wata babbar mota da ta biyo hanya ta kwashe mu zuwa asibiti a Kazaure. Ni hannuna biyu na kan cikina tun daga gonar har gadon asibiti, ban iya cewa komai ba, sai da ungozoma ta saurara ta ce ɗan yana motsi sannan kuka ya zo mini.

Na zaci wahalar ta ƙare nan. Ashe wata gwaggon tamu, ba wadda ta rasa haƙoran ba, ihuna ne ya farkar da ita, kuma abin da ta buɗe ido ta gani kawai shi ne hannuna a fuskar direba. Tun a asibiti ta fara: "Da idona na gani, marinsa ta yi. Yana tuƙinsa lafiya ta mare shi." Kafin mu koma Roni labarin ya riga mu isa, kuma ya yi ƙiba a hanya. Malama ta mari mijin ƙanwarta saboda baƙin ciki, ta kifar da mota da uwarta a ciki. Kowa kuma ya san na taɓa cewa zai yi haɗari, sai aka ce ai da ma ta yi masa baki, da bakin bai kama ba ta sa hannu.

In na je rijiya hira ta mutu. A makaranta wasu iyaye suka fara tambayar hedimasta ko matar da ke da irin wannan zuciya ta dace da yara. Ƙanwata ta ce kada a bar ni in shiga inda take. Na yi bayani har muryata ta dushe, na ce barci yake yi, na ce akwai shanu. Aka ce to me ya sa duk motar ke kaɗai kika gani? Makiyayin ya wuce da garkensa, ban san sunansa ba, ban san inda ya nufa ba. Wanda ya fi yi mini ciwo Inna ce. Ba ta zage ni ba. Na shiga gaishe ta, hannunta a ɗaure da karan ɗori, ta juya fuska bango ta ce a hankali, "Me ya yi miki?" Na fito na zauna a bayan ɗaki na yi kuka kamar yarinya.

Mutum ɗaya ne ya san gaskiya, shi kuma yana Kazaure yana jinya, bai ce uffan ba. Na san dalilinsa. In ya buɗe baki ya ce barci ya yi, babu mai sake shiga motarsa daga nan har Babura. Na gane hakan sarai, kuma ganewar ba ta rage mini tsanarsa ba ko kaɗan. Maigidana ya ce, "Ki ba shi lokaci, Malama. Mutumin kirki ne." Na ce, "Har kai ma? Ni ce matarka, ni ake zagi, amma shi kake yabo?" Ranar ko tuwo ban tuƙa ba.

Bayan wasu makonni, da hantsi, aka aiko Inna na kira na. Na tarar da tsakar gida cike: gwaggonni, kawunmu, ƙanwata da tabo ɗanye a fuska. Direba na tsugune a ƙofar ɗakin Inna. Babu hon ranar, a motar haya ya zo ya tako daga tasha. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Shi ya nemi a tara kowa.

Ya ce, "Inna, na zo in faɗi abin da ya kamata in faɗa tun a asibiti. Barci nake yi. Abin da na sani na ƙarshe shi ne Yaya ta ce in tsaya, na ce mata rami ne. Ba rami ba ne. Daga nan ban san komai ba sai da na ji mari, na buɗe ido na ga shanu. Da ba ta buge ni ba, cikinsu zan shiga da gudun nan, daga nan sai kwalbati. Da yanzu zaman makoki ake yi a gidan nan."

Ƙanwata ta ce, "Ka yi shiru mana! Ka san abin da kake jawo mana?"

Ya ce, "Na sani." Ya ci gaba. Ya ce ba ranar ya fara ba. Ya sha farkawa ya ga ya wuce ƙauye guda bai san ya wuce ba. Akwai ranar da ya faɗa gona a hanyar Gwiwa da buhunan gyaɗa, ya ce wa mutane taya ce ta fashe. Ya ce tun da abin nan ya faru, duk sanda ya rufe ido matar nan mai ƙwaryar nono yake gani. Sannan ya juyo wajena, kansa a ƙasa, ya ce, "Yaya, ki yafe mini. Kin cece mu, na bar ki da bakin mutane."

Inna ta fara hawaye, ta miƙo mini hannunta mai lafiya. Gwaggon nan kuwa ta gyara zama ta ce, "To, ni dai mari na gani."

Na daɗe ina ƙiyasta wannan rana, ina ganin in ta zo zan taka ƙasa da ƙarfi. Da ta zo, ga abin da na ji: na dubi mutumin nan a tsugune, ya ajiye sana'arsa da sunansa a gaban mata don ya wanke ni, na dubi ƙanwata, na ce a raina, wato har irin wannan mijin ma ita ta samu. Kafin mako ya zagayo garin ya juya, amma ba wajena ba. Ko'ina zancen direba ake, mutum mai tsoron Allah, wanda ya faɗi gaskiya a kan kansa. Liman har ya kawo misalinsa a wa'azi. Ni abin da na samu a bakin rijiya shi ne, "Ashe hannun Malama da nauyi."

Ya je ganin likita a Kano. Aka ce ya rage ƙiba, ya riƙa kwanciya ta gefe, kuma ya bar tuƙi. Bai sake riƙe sitiyari ba har ya bar duniya. Ya gyara bas ɗin ya ba wani yana ja, shi kuma ya buɗe shagon kayan mota kusa da tasha a Kazaure. Na ɗauka yanzu kam arzikinmu zai zo daidai da na ƙanwata. Ina! Direbobi suka ce wanda ya faɗi gaskiya a kan kansa ba zai sayar musu da jabun kaya ba, suka yi masa caa. A shagon yake barcinsa a kan kujera, mai saye ya tashe shi, ya ba da kaya ya koma. Arzikinsa ya fi na da nesa ba kusa ba. Mu kuwa sai da aka daɗe Malam ya sayi mashin, na hannu.

Shekaru da yawa bayan haka na ji wani likita a rediyo yana bayanin masu munsharin da numfashinsu ke ɗaukewa cikin barci. Ya ce maƙogwaronsu ne ke toshewa, jiki ya yi ta farkar da su ba su sani ba, su kwana a gado amma su tashi kamar ba su runtsa ba. Da rana kuma barcin ya biyo su duk inda suke. Na ajiye tsintsiyar da ke hannuna na saurara har ƙarshe. Ashe ba gajiyar neman halal ba ce, ba kuma lalaci ba ne. Ciwo ne, mun zauna muna yi masa fifita muna dariya.

Abin da na ɗauka daga wannan lamari shi ne irin wannan barci ba ya sallama. Goro ba ya tare shi, shayi ba ya tare shi, ƙwarewa ma ba ta tare shi, don mijin ƙanwata gwani ne. In kuna da wanda ke gyangyaɗi a tsakiyar hira ko da kwano a gabansa, kuma yana tuƙi, ku faɗa masa, ku matsa masa ya ga likita. In an ce baƙin ciki kuke yi, ku amsa, ku sake faɗa. Ni har yau in na shiga motar haya bayan direba nake zama, ina kallon idonsa ta madubi. Da na ga ƙiftawarsa ta fara nauyi sai in ce ya tsaya, tsohuwa za ta kama ruwa. Ba na dawowa sai na ga ya fito ya taka ƙasa.

Ni da ƙanwata mun shirya tun haihuwar wannan cikin, ita ta zo ta dafa mini ruwan wankan jego ba tare da an aika mata ba. Yanzu duk mun tsufa, mazan sun rasu, tabon yana nan a fuskarta. Kwanakin baya na je wurinta a Kazaure, muna zaune a falonta mai sanyi, ta ce, "Yaya, wai ranar nan kowa ya yi barci, ke me ya hana ki?"

Na ce, "'Yan kunnenki nake kallo."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta shiga ɗaki ta daɗe tana bincike, ta fito da su a tafin hannu ta ce in ɗauka. Na juya su, na ɗaga su a haske. Ƙanana ne ƙwarai, ban san sun kai haka ƙanƙanta ba. Na mayar mata na ce ta bar su. Sarƙar da ke wuyanta na fi so.